Gidan Harewood na Ingila: tambayoyi da amsoshi kan gininsa da sauye-sauyen da aka yi masa

Gidan Harewood yana arewacin Ingila, a yankin Yorkshire ta Yamma, kimanin mil 7 arewa da birnin Leeds, a kan hanyar zuwa Harrogate. An aza harsashinsa a 1759, aka tare a 1771, bayan shekara 70 da ɗoriya kuma aka sake masa fasali. Yana cikin gidajen tarihi da dokar Ingila ta ba kariya mafi girma. Ga tambayoyin da masu sha'awar tsofaffin gine-gine suka fi yi a kansa.

Wane irin gida ne wannan, kuma me ya sa aka kai shi karkara?

A Ingila ta ƙarni na 18, ƙasa ita ce mulki. Mai gonaki da 'yan haya shi ke da ƙuri'u, shi ke shiga majalisa, shi ake naɗawa sarauta. Ɗan kasuwa komai dukiyarsa, in ba shi da fili mai faɗi da gida a tsakiyarsa, manya ba sa ɗaukarsa nasu. Don haka attajiri kan sayi ƙasa a karkara ya gina katafaren gida, ya zauna a ciki da bazara da kaka, in majalisa ta koma zama ya tafi gidansa na Landan. Gida ne na iyali, kuma ofis ne na tafiyar da gonaki, kuma wurin saukar manyan baƙi. Harewood irin wannan ne.

Wa ya gina shi, kuma daga ina kuɗin suka fito?

Edwin Lascelles ne ya gina shi, amma mahaifinsa Henry ne ya tara dukiyar. Henry Lascelles ya tafi tsibirin Barbados yana saurayi, ya riƙe muƙamin mai karɓar kuɗin kwastan a Bridgetown, ya shiga fataucin sukari, yana ba masu gonakin rake rance, yana sayar wa sojojin ruwan Birtaniya abinci. Kuma yana cinikin bayi. Shi da abokan kasuwancinsa sun girke jiragen ruwa a gaɓar Anomabu, cikin ƙasar Ghana ta yau, inda ake tara mutanen da aka kamo kafin a haye da su teku. Da wannan kuɗi ya sayi ƙasar Harewood da ta Gawthorpe a ƙarshen shekarun 1730. Ya mutu a 1753, Edwin ya gaje shi.

Bayan haka ma dukiyar ba ta rabu da bauta ba. Masu gonakin da suka kasa biyan bashi sun rasa gonakinsu, suka koma hannun iyalin Lascelles tare da mutanen da ke aiki a cikinsu. A 1807, shekarar da Birtaniya ta haramta fataucin bayi, wani Henry Lascelles na zuriyar ya yi takarar kujerar Yorkshire da William Wilberforce, jagoran yaƙi da cinikin bayi, ya sha kaye. Da aka soke bautar kanta da dokar 1833, gwamnati ta ware fam miliyan 20 don biyan diyya, ba ga bayin ba, ga iyayengijinsu. Wannan Henry, wanda a lokacin shi ne Earl na 2 na Harewood (Earl sarauta ce ta manyan Ingila da ake gada), ya karɓi fam 26,309 a kan mutum 1,277 a Barbados da Jamaika. Iyalin ba su sayar da gonarsu ta ƙarshe a Barbados ba sai 1975.

Duk wanda zai yaba kyawun silin ɗin gidan nan, ya kamata ya san da wannan tun kafin ya ɗaga kai.

Su wane ne suka zana ginin?

Mutum biyu ne, kuma ba halinsu ɗaya ba. Na farko John Carr na York, ɗan magini ne da ya taso cikin sassaƙar dutse, mutum mai lissafi, wanda ya san farashin kowane abu kuma ba ya wuce kasafi. Ya fara gina wa Edwin bargar dawaki a tsakiyar shekarun 1750, aikin ya yi kyau, sai aka ba shi babban gida. Na biyu Robert Adam, ɗan Sikotland, wanda ya dawo daga Italiya a 1758 kansa cike da abin da ya gani a kufan Rumawa, yana neman aikin da zai fito da sunansa. An nuna masa zanen Carr, ya kawo nasa gyare-gyaren, Edwin ya ɗauki wasu ya watsar da wasu. A taƙaice, jikin gidan na Carr ne, adon cikin manyan ɗakuna kuma na Adam ne, wanda ya duƙufa a kai daga 1765.

Edwin ba mai sakin hannu ba ne. Ya rubuta wa Adam cewa a yi komai daidai kuma da kyau, amma kada a wuce gona da iri. Masu aikinsa sun sha jiran kuɗinsu.

Yaya fasalin gidan yake tun asali?

An bi tsarin Andrea Palladio, mai zanen gine-gine na Italiya a ƙarni na 16, wanda Turawan Ingila suka ɗauka abin koyi. Ƙa'idarsa daidaito: abin da ke dama shi ke hagu. Akwai babban gini a tsakiya, sai gajerun sassa biyu da suka miƙe gabas da yamma, kowanne ya ƙare da ɗan ginin da ya fi shi tsayi kaɗan. Ƙofar shiga tana arewa, da ginshiƙai manne da bango da goshi mai kusurwa uku a samansu. Ta kudu kuwa akwai rumfa mai dogayen ginshiƙai da ta fito waje, tana kallon gangare da tafki. An yi ginin da dutsen da aka fasa a cikin filin gidan, mai launin zuma.

Manyan ɗakuna duk suna hawa ɗaya, jere, kowanne yana buɗewa cikin na gaba, ta yadda baƙo zai zagaye gidan ya dawo inda ya fara. Madafa da ɗakunan ajiya da na barori suna ƙasa.

Me ya fi ɗaukar hankali a ciki?

Adam ba ya zana ɗaki ya bar wa wani zaɓen kaya. Silin, bango, murhun ɗumama ɗaki, kafet, har inda za a jingina kujera, duk a zanensa suke. Ɗakin kiɗa shi ya fi nuna wannan, kuma shi ne sauye-sauyen baya suka fi ƙyalewa. In ka tsaya a tsakiyarsa ka dubi sama, za ka ga da'irori a silin, kowace da hoto a cikinta. Ka dubi ƙasa, kafet ɗin da aka saƙa a garin Axminster yana maimaita da'irorin nan. Joseph Rose da mutanensa suka yi aikin filasta, masu zane irin su Antonio Zucchi da Angelica Kauffman da Biagio Rebecca suka cike gurabun da hotuna.

Kayan ɗaki kuwa Thomas Chippendale ne ya yi su, kafintan da aka haifa a Otley, 'yan mil kaɗan daga Harewood, ko da yake shagonsa yana Landan. Wannan ne aiki mafi girma a rayuwarsa, kuɗinsa ya haura fam 10,000. Ba kujeru da tebura kaɗai ya kawo ba. Madubai, gadaje, labule, takardar bango, har kayan ɗakunan barori, duk ta hannunsa suka biyo.

A dogon zauren da ya cinye duk ɓangaren yamma, mai tsawon kusan mita 23, akwai abin da baƙi da yawa ke wucewa ba su lura ba. A saman kowace taga an rataya wani abu kamar yadin alharini da aka tattare, da lanƙwasarsa da tuntayensa masu ruwan zinariya. Katako ne. An sassaƙa shi aka yi masa fenti har ido ya kasa bambanta shi da yadi, sai an gaya maka ka matsa kusa ka ga cewa iska ba ta motsa shi. Shekara fiye da 200 ke nan, da yadin gaske ne da tuni rana ta cinye shi.

Tafkin da filin da ke kewaye, haka aka same su?

A'a, aikin hannu ne. Lancelot Brown, wanda ake wa laƙabi da Capability, ya yi aiki a nan daga tsakiyar shekarun 1770 zuwa farkon na 1780. Ya datse wani rafi ya samar da tafki mai faɗin eka 32, ya daidaita tudu da kwari, ya shuka itatuwa rukuni-rukuni, duk don a ga kamar haka wurin yake tun fil azal. An rushe tsohon gidan Gawthorpe da ke ƙasan gangaren bayan an tare a sabon. An kuma tayar da ƙauyen daga inda yake, Carr ya gina sabo a bakin babbar ƙofa. Shi ya sa tsohuwar majami'ar ƙarni na 15 take tsaye ita kaɗai a cikin itatuwa, ba gida ko ɗaya kusa da ita.

To me ya kawo sake fasali a shekarun 1840?

Yawan iyali da sauyin zamani. Edwin bai bar ɗa ba, gidan ya koma wa ɗan baffansa Edward, wanda aka ba sarautar Earl a 1812. Jikan Edward, Earl na 3, ya gaji gidan a 1841. Matarsa Louisa, wadda ta taso a babban gidan Longleat, ta haifi 'ya'ya 13. Gidan da aka tsara don mutum ɗaya da matarsa da baƙin ƙasaita ba shi da isassun ɗakunan kwana, balle na masu reno da malamai da ƙarin barori.

Ban da haka, ɗabi'ar masu kuɗi ta canza. Mutanen zamanin Sarauniya Victoria suna son baƙi su zo su kwana da yawa, suna son sirri, kuma ba sa son ganin bara yana ratsa falo da kwandon gawayi. Adon Adam ma ya fita daga yayi, ana ganinsa siriri ne, ba shi da nauyi. Louisa ce ta tsaya kan aikin. A 1843 aka kira Charles Barry, wanda a lokacin yake gina majalisar dokokin Birtaniya a Westminster.

Me Barry ya canza takamaimai?

Daga waje abubuwa uku ne manya. Ya ƙara hawa a sama don samun ɗakunan kwana. Ya kewaye saman ginin da rawani na dutse mai ƙananan ginshiƙai, wanda ya ɓoye rufin ya ba gidan kamannin fadojin Italiya. Sannan ya cire rumfar ginshiƙan kudu ɗungurungum, ya gina faffaɗan dandamali a gaban wannan fuska, da matakala biyu masu sauka zuwa lambun da aka yanka da tsari, da maɓuɓɓugan ruwa da gumakan dutse. A zamanin Brown ciyawa tana zuwa har gindin bango. Barry ya sa lambu a tsakanin gida da fili.

A ciki, ɗakin cin abinci ne ya fi shan gyara, har kusan babu abin da ya rage na Adam a fasalinsa. Babban falon da ke tsakiyar ɓangaren kudu ya zama ɗakin karatu, aka jera masa kantocin littattafai na katakon mahogani masu adon tagulla, a ƙarƙashin silin ɗin Adam da aka bari yadda yake. An fitar da hanyoyin da barori za su bi ba tare da an gan su ba, aka sabunta madafa. Ɗakin kwanan ƙasaita ya koma falon zama.

Mai son ganin gidan kafin Barry yana da sa'a. A 1797 mai zane J. M. W. Turner, yana ɗan shekara 22, ya zo Harewood ya zana shi daga kusurwoyi daban-daban, kuma hotunan suna nan a gidan. A cikinsu rumfar kudu tana tsaye, ginin ya fi na yau gajarta da sauƙi.

Gyara Barry ya yi ko ɓarna?

Masana sun daɗe suna jayayya a kai, kuma kowane ɓangare yana da hujja. A ganina fuskar kudu ta yi asara. Rumfar ce ke ba ta zurfi da inuwa, da aka cire ta sai bangon ya zama shafaffe. Ƙarin hawan kuma ya danne daidaiton da Carr ya auna tsakanin tsakiya da gefuna, gidan ya yi nauyi a ka. Kamar babbar rigar gado ce da aka kai wa tela ya buɗa ta don ta shigi magaji: ta shige shi, amma aikin wuyan ya ɗan karkace.

Sai dai dandamalin ya biya bashin. Tsayawa a kansa a dubi tafki da tudun da ke bayansa shi ne abin da yawancin baƙi ke tafiya da shi a rai, kuma ko masu sukar Barry ba sa cewa a rushe shi. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: Barry ya iya kame hannunsa. A Highclere, wani babban gida a kudancin Ingila, kusan a wannan lokacin, ya lulluɓe tsohon gida gaba ɗaya da sabuwar fuska har ba a gane shi. A Harewood ya bar fuskar arewa ana gane ta, ya bar yawancin silin ɗin Adam. Kuma da gidan bai dace da zaman iyali ba, da wuya su ci gaba da zama a cikinsa har ƙarni na 20.

Kayan da aka cire a lokacin, ina suka shiga?

Abin mamaki, da yawa ba a zubar ba, ajiye su aka yi aka manta. A 1988 aka tarar da wasu naɗaɗɗun takardu a wani ɗakin ajiya na wajen gida. Da aka warware, sai ga takardar bango ta ƙasar Sin, zanen hannu, wadda mutanen Chippendale suka liƙa a 1769 aka kuma ɓamɓare ta a ƙarni na 19. Hotunan da ke jikinta na sana'o'i ne: manoma a fadamar shinkafa, masu tsinkar ganyen shayi, masu saƙar alharini, masu gasa tangaran. Zaman da ta yi a duhu ya sa launinta bai kwashe ba. An gyara ta aka sake liƙa ta a ɗakin kwanan gabas a 2008.

Haka gadon ƙasaita da Chippendale ya yi a 1773, mai rumfa da ruwan zinariya da koren alharini. An kwance shi a zamanin Barry, ya yi shekara kusan 150 a ajiye gunduwa-gunduwa, sai a ƙarshen shekarun 1990 aka harhaɗa shi ya koma ɗakinsa. Lambun dandamali ma an taɓa shafe shi da ciyawa bayan yaƙin duniya na biyu saboda tsadar kula, aka maido da shi bisa zanen Barry a 1994.

Me ake nufi da cewa gida yana cikin rajistar kariya?

Ingila tana da rajistar gine-ginen tarihi da ta samo asali daga dokokin tsara gari na 1944 da 1947, lokacin da bama-baman yaƙi suka nuna wa mutane yadda abin tarihi ke saurin salwanta. Hukumar Historic England ke ba da shawara, minista ya sa hannu. Matakai uku ne. Mataki na II shi ne na gama-gari, ya ƙunshi fiye da kashi 90 cikin 100. Sai na II mai tauraro. Sai Mataki na I, na gine-ginen da babu kamarsu, kimanin kashi 2.5 cikin 100 kacal. Harewood yana Mataki na I.

Shiga rajista ba ya nufin gwamnati ta karɓe gida, kuma ba ya nufin za ta biya kuɗin gyara. Abin da yake nufi shi ne, duk aikin da zai taɓa siffar ginin ta tarihi, ciki ko waje, sai an nemi izini daga ƙaramar hukuma. Rushe bango, sauya taga, cire murhu, duk sai da izini. Yin aiki ba izini laifi ne da kan jawo tara mai nauyi ko ɗaurin da zai iya kai shekara 2. Kariyar ta shafi abin da ke manne da gini. Kujera da tebur da hoton da za a iya ɗauka ba sa ciki.

Da yau ne, za a bar Barry ya yi abin da ya yi? Kuma za a iya maido da rumfar kudu?

Da wuya ƙwarai a amince wa wani ya cire rumfar ginshiƙai daga gidan Mataki na I a yau. Amma dokar da za ta hana Barry ita ce kuma take kare aikinsa yanzu. Rajista tana ɗaukar gini yadda tarihi ya kawo shi, da duk abin da zamunna suka ɗora masa, ba yadda yake ranar da aka gama shi ba. Aikin Barry ya haura shekara 170, shi ma ya zama tarihi, kuma na ɗaya daga cikin manyan masu zanen ƙarninsa ne. Wanda ya ce zai rushe hawan sama ya sake gina rumfa, zai lalata abu na gaske ne don ya kafa kwaikwayo.

Shi ya sa gyare-gyaren da aka yi a 'yan shekarun nan ba su zaɓi zamani ɗaya ba. A ciki an karkata ga Adam da Chippendale, an maido da gado da madubai da takardar bango. A waje an maido da lambun Barry.

Yaya gidan ya tsira a ƙarni na 20, alhali an rushe irinsa da yawa?

Fiye da gidaje 1,000 irin wannan aka rushe a Ingila cikin ƙarnin, saboda haraji da tsadar ma'aikata da faɗuwar kuɗin gona. Harewood ma ya ji jiki. Ya zama asibitin jinyar sojoji a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Gimbiya Mary, 'yar Sarki George V, ta auri magajin gidan a 1922, ta tare a Harewood a 1930, ta zauna har rasuwarta a 1965, kuma an gyara wasu ɗakuna don ita. Da mijinta ya rasu a 1947, harajin gado ya tilasta sayar da ƙasa mai yawa da kayan tarihi. A 1965 aka yi gwanjon teburin ɗakin karatu na Chippendale kan fam 43,050, farashin da ba a taɓa biya wa kayan ɗakin Ingila ba a lokacin. Yanzu yana gidan tarihi na Temple Newsam a Leeds. Ga amfanin sanin cewa rajista ba ta kare abin da ake iya ɗauka.

Abin da ya cece shi shi ne buɗe ƙofa ga jama'a masu biyan kuɗin shiga, sannan a 1986 aka kafa gidauniyar Harewood House Trust, wadda ke kula da gidan da lambunsa don ilimi da amfanin jama'a.

Gidan yana faɗa wa baƙi gaskiyar inda kuɗinsa suka fito?

An daɗe ba a faɗa, yanzu ana faɗa. An miƙa takardun kasuwancin iyalin na yankin Karebiyan ga cibiyar adana takardu ta Borthwick a Jami'ar York, inda masu bincike ke iya karanta su. David Lascelles, Earl na 8, wanda ya gaji mahaifinsa a 2011, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Heirs of Slavery a 2023, ta zuriyar waɗanda suka ci ribar bauta, masu goyon bayan a nemi gafara a kuma yi gyara. Gidauniyar ta fara sa a yi hotunan baƙaƙen fata masu alaƙa da gidan don a rataya su tare da na iyalin. Na farko shi ne na Arthur France, wanda ya assasa bikin kanibal na mutanen Karebiyan a Leeds. Na biyu na ɗan wasan kwaikwayo David Harewood ne, wanda kakanninsa bayi ne a gonar iyalin Lascelles a Barbados, daga can kuma sunan ya biyo shi. Ko hakan ya wadatar, muhawara ce da ba a rufe ba, musamman ganin ƙasashen Karebiyan suna neman diyya a hukumance daga Birtaniya.